Gareji, ITF ko poli: ina za a kai yaron da ya gama sakandare?

Idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, hankalin iyaye kan tafi jami'a, ko da yaron shi ne mai gyara fanka da soket a gida tun yana aji uku. Irin wannan yaro sana'a ce ta dace da shi, sai dai a duba inda za a kai shi.

Hanya mafi arha ita ce wadda muka gada: a damƙa shi hannun oga, kamar a Panteka ta Kaduna ko garejin Ƙofar Ruwa a Kano. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma yaro na samun na abinci. Amma komai ya rataya a kan halin ogan. Na ga yaron da ya shekara uku a gareji bai wuce miƙo sifana da wanke ƙarafa da fetur ba, abin ya ci mini rai ƙwarai. Don haka uba ya je ya wuni a wurin. Ya ga ko ana barin yara su kwance giyar mota da hannunsu, ya tambayi yara nawa ogan ya yaye, ina suke yanzu. Ya kuma ji ko yana cikin NATA, ƙungiyar makanikai, domin idan saɓani ya taso akwai shugabannin da za a kai wa ƙara.

Hukumar ITF, ta gwamnatin tarayya mai horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971, tana koyar da walda, aikin famfo da wayarin a tsare, har da takardar shaida. Guraben ba su da yawa, kuma kwas na 'yan watanni bai isa ya mai da mutum gwani ba.

Poli, wato kwalejin kimiyya da fasaha, tana buƙatar JAMB da kiredit biyar, sannan shekara biyu kafin a samu difloma ta ƙasa (ND). Ita ta fi cin kuɗi, ita kuma ta fi buɗe ƙofar aikin kamfani. A tabbatar NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, ta amince da kwas ɗin kafin a biya ko sisi.

Da ƙanena ne kuma aljihu ba nauyi, oga nagari zan nema masa, sannan in sa shi ya zana jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake farawa daga mataki na 3 a haura zuwa na 1. Ita ce takardar da zai nuna ran da ya je neman aiki a kamfanin gine-gine.