Duba Kuromosom ko Gwajin DNA: Wanne Za a Bi Wajen Tantance Chironomus?

Ɗalibai sun sha tambayata wace hanya ta fi wajen rarrabe jinsunan Chironomus, ƙwaron nan mai kama da sauro amma ba ya cizo.

Duba kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, ya fi araha. Tun 1881 masanin kimiyya Balbiani ya ga manyan kuromosom a jakar yawun tsutsarsa. A madubin binciken ƙananan halittu zanensu, wanda da shi ake bambance jinsi, yana fitowa layi-layi, har inda wani yanki ya juye baya za ka gani da idonka. Wannan yana burge ni. Sai dai dole a samu tsutsa a matakin girmanta na huɗu, kuma ƙwarewar tana cin shekaru.

Gwajin DNA kuwa, wanda ke duba wani yanki na DNA mai suna COI, yana aiki a kan ƙwai, tsutsa ko babban ƙwaro, da sauri, amma da tsada. Ta wajen uwa kaɗai ake gadon COI, don haka barbarar jinsuna biyu kan rikita gwajin.

Mai bibiyar bambancin gado a cikin jinsi ɗaya, kuromosom ya dace da shi. Mai tarin samfura daga ruwaye daban-daban, ya kama DNA.