Sharhi: Boeing 737-800 a idon mai aiki a ƙarƙashinsa

Bayan aiki da 737-800 da kuma Airbus A320 a wurin ajiye jirage, ra'ayina shi ne 737 ya fi sauƙin hidima a ƙasa, amma gajartar ƙafafunsa ta daɗe tana takura shi.

Gajartar da gangan aka yi ta. Lokacin da 737 ya fara tashi a 1967, injinsa JT8D siriri ne, yana manne a ƙarƙashin fiffike, kuma an yi jirgin ne don ƙananan filaye marasa kayan aiki. Har yau ana cin moriyar hakan. Mai lodi yana kai hannu bakin ɗakin kaya daga ƙasa, makaniki yana duba inji ba sai ya nemi dogon tsani ba. Fiffiken ma bai kai tsayi daga ƙasa da doka ta wajabta sa masa abin da fasinjoji ke zamewa a kai su sauka cikin gaggawa ba, wato mita 1.83. A320 kuwa dole sai da shi.

Matsalar tana wajen inji. Rage shan mai yana buƙatar faffaɗar fanka a gaban injin, ita kuma tana buƙatar sarari tsakaninta da ƙasa. Da aka kawo injin CFM56 a 1984, sai da aka tura shi gaba, aka ɗaga shi, aka mayar da akwatin giyarsa gefe. Shi ya sa bakin injin yake a baje ta ƙasa. Fankar 737-800 mita 1.55 ce, ta CFM56 ɗin A320 kuwa 1.73. A kan 737 MAX, samfurin da ya biyo bayan 737-800, fanka mai mita 1.76 ba ta shiga ba sai da aka ƙara wa ƙafar gaba santimita 20.

To me ya hana a tsawaita manyan ƙafafun? Ciki suke naɗewa, daga inda aka ɗaure su a fiffike zuwa tsakiyar cikin jirgin. Wannan tazarar ita ce iyakar tsawonsu. Ƙara tsawo yana nufin matsar da maɗaurin waje da sake fasalin tsakiyar jirgin, ga ƙarin nauyi. Sararin ya matse har tayoyin ba su da murfi. Ana ganinsu a fili idan jirgin ya tashi.

Abin da ya fi damuna shi ne wutsiya. Dogon jiki a kan gajerun ƙafafu ba ya barin matuƙi ya ɗaga hanci sosai, in ya yi gaggawa sai bayan jirgin ya gogi titi. Saboda haka ne aka sa masa ƙarfen kariya a ƙarƙashin wutsiya, kuma duk mai zagayen duba jirgi ya kamata ya tsaya ya kalle shi da kyau.

A lodi ma akwai cikas: 737 ba ya ɗaukar kwantena, jaka ɗaya-ɗaya ake jerawa, a durƙushe. A filin da ba kayan aiki, 737 zan zaɓa. Inda akwai injin lodi, A320, da ke iya ɗaukar kwantena, ya fi tausaya wa bayan ma'aikata.