Kwalar robar da ke hana kare lasar ɗinki: abin da na gani a gidana

Duk mai kare a gida, na gadi ne ko na farauta, wata rana sai ya kai shi gaban likita an yi masa ɗinki. Ɗinkin kansa ba wani dogon aiki ba ne, likita zai gama ya miƙo maka dabbarka. Wahalar a gida take, cikin kwana 10 zuwa 14 ɗin da ake jira fata ta haɗe kafin a warware zaren, domin a tsawon kwanakin nan kare ba shi da wani buri da ya wuce ya kai bakinsa wurin. Abin da likitoci ke bayarwa don hana shi wata kwala ce ta roba mai faɗi da ake ɗaura masa a wuya, ta kewaye kansa kamar mazurari. Na yi amfani da ita, na kuma gwada wasu abubuwa biyu da ake cewa sun fi ta sauƙi.

Karenmu Duna irin na gida ne, siriri mai dogon baki, yana mana gadi a can bayan Kawo, a Kaduna. Kwanon rufi da magina suka jingine a bayan gida ne ya tsaga masa cinyar baya. Likitan dabbobi ya aske gashin wurin, ya wanke, ya ɗinke da zaren nailan, ya kuma duba katin rigakafin ciwon haukan kare kafin ya sallame mu. Yana miƙo min kwalar ya ce, "Malam, nawa aikin ya ƙare, saura naka. In ya kwance ɗinkin nan da bakinsa, ba lallai in iya mayarwa ba." Ya yi min bayanin cewa raunin da ya buɗe ya kuma ɗauki ƙazanta, sau da yawa ba a rufe shi nan take, sai dai a bar shi a buɗe ana wankewa har ya cike da kansa, kuma wannan makonni yake ci. In ma za a sake ɗinkin, sai an sake yi masa allurar barci, an sake biyan kuɗi.

Baba maigadi bai yarda ba. Ya dubi karen, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, tun muna yara kare da harshensa yake jinyar kansa. Wannan abu wahalar da dabba ne kawai." Ban yi masa musu a kan abin da ya gani da idonsa ba, don ƙujewar ƙaya a daji kare kan lashe ta kuma ta warke. Amma ɗinki daban ne. Harshen kare yana da kaushi, yana jiƙa fatar da ake so ta bushe ta haɗe, yana goge sabon naman da ke tohowa, bakinsa kuma cike yake da ƙwayoyin cuta. Sannan ba a lasa yake tsayawa ba. Ƙananan haƙoransa na gaba, waɗanda yake tsince kaska da su, da su yake kama ƙullin zare ya tsinke shi, kuma kafin mutum ya idar da alwala ya gama.

Kwalar a shimfiɗe take zuwa, falle guda na roba garai-garai da ake ganin abin da ke bayanta. Ana lanƙwasa ta a soka harsunan gefe ɗaya cikin ramukan ɗaya gefen, a wajen wuya kuma akwai 'yan hannaye da ake zura abin wuyan kare a ciki. Lambar da ke jikin yawancinsu, 15 ko 20 ko 25, zurfin kwalar ne a santimita. A nan ne mai karen gida ya kamata ya buɗe ido, domin mai shago wuyan karen yake kallo ya zaɓo maka, alhali karnukanmu wuyansu siriri ne, bakinsu dogo. Wadda ta yi wa wuyan daidai sai ka ga hanci ya leƙo waje, kuma muddin hanci ya leƙo, harshe zai kai. A auna daga inda abin wuya yake zama zuwa ƙarshen hanci, a ɗauki wadda ta ɗara wannan kaɗan, sannan a tsuke wuyan yadda yatsu biyu za su shiga tsakaninta da fata, ba fiye ba. Kan Duna bai fi wuyansa kauri da yawa ba, saboda haka in ba a ɗaure ta da abin wuyansa ba, ƙafa ɗaya zai sa ya tuɓe ta.

Daren farko abin tausayi ne, ba zan ɓoye ba. Tsayawa ya yi ƙiƙam a tsakar gida, kai a sunkuye, ya ƙi motsi. Da ya motsa kuma sai ya riƙa ja da baya yana neman ya fita daga cikinta. Ya bugi ƙofa, ya bugi randa, ya zo hawa dakali bakin robar ya kama gefen siminti ya mayar da shi baya. Duk ƙarar da ta shiga ciki sai ta taru masa a kunne, ko ihun yara sai ya zabura. Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A wani bincike da masana na Jami'ar Sidni ta Ostareliya suka fitar a 2020, an tambayi masu karnuka da kyanwoyi 434, kimanin kashi 77 cikin 100 suka ce dabbarsu ta shiga takura lokacin da take sanye da kwalar. Sai dai kare yana da saurin sabo. Kafin a je ko'ina ya koyi ɗaga kai in zai hau dakali, ya koyi karkata in zai shiga ƙofa, har ya gano cewa in ya tunkuɗi ƙaurin mutum da ita ana kula shi. Gefen robar yana da kaifi, ya kankare wa ƙaramin ɗana ƙafa, sai da muka bi bakin gaba ɗaya da salatif.

Ci da sha su ne suka fi ba mu aiki. Babban kwanon da ya saba ci a ciki ya zama ba shi da amfani, robar na dukan bakin kwanon kafin bakinsa ya kai ga tuwo. Abin da ya yi mana shi ne ƙaramin kwano mai zurfi, aka ɗora shi a kan bulo nesa da bango, yadda in ya sunkuya kwalar za ta rufe kwanon gaba ɗaya, bakinsa ya shiga. Ruwa ma haka, a cika shi har baki. Wannan ba abin wasa ba ne a Kaduna in zafin Maris da Afrilu ya kankama, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma robar tana tare iska a fuskarsa. Inuwa da ruwa dole ne. Sannan cikin kwalar yana tara miya da yawu da ƙura, in an bar shi yini guda wari zai tashi, ƙudaje su yi masa dandazo a fuska. Safe da yamma nake sa tsumma mai ɗan sabulu in goge ciki, in ɗaga wajen wuyan in duba ko ta fara cin fata.

Babbar illar da ba wanda ya gaya min ita ce karen gadi mai kwala ya tashi daga karen gadi. Ba ya jin ta inda motsi ya fito, ba ya iya kare kansa in wani kare ya shigo, kuma yana iya maƙalewa a tsakanin ƙarafan get. Gudu da tsalle ma kansu suna ɓalle ɗinki. Don haka a ɗakin ajiya muka killace shi, mai daɓen siminti, ana sharewa kullum. Ban bar shi kwanciya a yashi ba, saboda akwai ƙudan da ke zuba ƙwai a ƙasar da fitsari ya jiƙa, tsutsar ta shige fatar kare, ga kuma waɗanda ke zuba nasu a bakin rauni kai tsaye. Wanda ya dogara da karensa da dare, to ya tanadi wata dabarar ta mako biyu.

Wani abokina da ke Barnawa ya aro min wata kwalar, irin wadda ake hura wa iska, mai zagaye wuya. Na sa masa ina zaune ina kallo. Gaskiya ta fi daɗi nesa ba kusa ba: ya ci abinci a kwanonsa, ya kwanta ya ɗora kai a kanta ya yi barci. Da ya farka kuwa, sai ya lanƙwashe jikin nan nasa, ya ɗaga ƙafa, hancinsa ya isa cinyar ba tare da wata wahala ba, na yi maza na riƙe shi. Ga rauni a kafaɗa ko ƙirji, ko ga karnukan waje masu gajeren baki da ƙiba, za ta yi. Ga cinya, ƙafa ko wutsiyar karen gida, ɓata kuɗi ne.

Na kuma sayo gajeren wandon yara a wajen masu gwanjo na Kasuwar Barci, aka huda wajen wutsiya. Yana hana ƙuda sauka, wannan kam na yaba. Amma shi kaɗai ba ya hana komai, kare zai lashi ƙyallen har ya jiƙe, kuma jiƙaƙƙen ƙyalle a kan ɗinki ya fi babu muni. Da rana kawai nake sa masa, tare da kwalar, in cire da yamma wurin ya sha iska. Masu yanke gindin bokitin roba su zura wa kare ma ban raina dabararsu ba, in dare ya yi babu inda za a samu ta shago. Sai dai bokiti yana da nauyi, yana toshe gani ta gefe, kuma dole a goge kaifin yankan sosai. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne shafa baƙin mai ko barkono a wurin wai don ya ji ɗaci ya bari, da kuma ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen, wanda ke iya lalata masa ciki da ƙoda.

Rigimar da ta fi tsanani da mutanen gida aka yi ta. Da raunin ya fara kamewa, karen ya murmure yana kaɗa wutsiya, uwargida ta ce, "Baban Amira, don Allah a cire masa ko da dare ne ya samu barci, ai ya warke." To lokacin ne ƙaiƙayi ke tashi, lokacin ne kuma ya fi nacin juyawa yana neman wurin. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Dare kuwa shi ne lokacin da babu mai ganinsa. Likita ya ce ana iya cirewa lokacin cin abinci in mutum yana tsaye a kansa, amma a gida mai yara da yawa ban ga wanda zan ba wa wannan amanar ba, sai na bar ta a wuyansa dare da rana. Kullum da safe nakan haska wurin da fitilar waya in duba ko akwai ja mai yaɗuwa, kumburi, ruwa, wari, ko zaren da ya ɓace. Ban ga ko ɗaya ba. Ranar da aka warware zaren ma likita ya ce a bar masa ita kwana ɗaya ko biyu, sai 'yan ramukan zaren sun rufe.

Ita robar ta jure duka da jan ƙasa, sai dai ta yi zane-zane har ganin cikinta ya dusashe, harshe ɗaya na maɗaurin kuma ya tsage tun kafin a gama. Na huda ramuka na ɗaure da igiyar takalmi, ta ma fi riƙewa. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin ɗinki na biyu ba. Matsalar samu ce: ƙananan lambobi sun fi yawa a shagunan magungunan dabbobi, manyan kuwa sai an ɗan yi yawo. Wanda zai kai karensa fiɗiya ko wata tiyatar da aka sa wa rana, ya nemi tasa tun kafin ranar, ya riƙa sa masa na ɗan lokaci yana ba shi ɗan nama, yadda ba zai haɗa raɗaɗin rauni da baƙuncin kwala a dare ɗaya ba.