Salansa Mai Ƙara: Matoshi ko Rezoneta?

An sha tambayata: wanda ya cire salansar kamfani daga motarsa ya sa ta gayu, yanzu ƙara ta ishe shi, me zai yi? Ya sa matoshi, ko a walda masa rezoneta?

Matoshi ɗan siririn bututu ne da ake zurawa a bakin salansa, a ɗaure da noti ɗaya. Ga araha, kai da kanka za ka ɗaura, ka cire ranar da ka ga dama. Ƙara tana raguwa sosai, amma ya matse hanyar hayaƙi, don haka in ka taka totur za ka ji motar ta ɗan yi nauyi. Notin kuwa in ya saki, sai kwaramniya; nawa a hanya ya faɗi ban sani ba.

Rezoneta kuwa ɗan gwangwani ne da ake haɗawa da bututun hayaƙi; sai an yanka bututun a tsakiya an walda, kuɗinta ya fi yawa, amma tana daɗewa. Aikinta kashe gurnanin nan da ke cika cikin mota a doguwar tafiya, har kai ya yi ciwo. Ƙarar waje kam kaɗan take ragewa.

In maƙwabta ne ke ƙorafi da asuba, matoshi ya ishe ka. Mai yawan doguwar tafiya kuwa, rezoneta ce tasa.