Gargaɗi ga masu haɗa sola a Gombe: wayar lantarkin nan ba kofa (jan ƙarfe) ba ce

Naira 640,000 na tura wa mutumin da ya sayar min da wayar nan. Dubu ɗari shida da arba'in! Kuma rabin kuɗin ba nawa ba ne, na Alhajin da nake haɗa wa sola a Pantami ne.

Kada wani ya ce min ban duba ba. Wallahi na duba. Shekarata 12 a sana'ar nan. A gabana ya fere bakin wayar da reza, ta fito jawur tana sheƙi, ya miƙo min ya ce, "Injiniya, ai kai ba a gaya maka kaya." Rezarsa ce, hannunsa ne, roba kaɗai ya cire, bai taɓa ƙarfen ba. Wurin nan nake ta juyawa a raina. Me ya hana ni karɓar rezar? Mutumin da muka yi la'asar sahu ɗaya!

Ranar Talata wayar batir ta ɗau zafi har roba na ƙauri. A'a, tun Litinin inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta koma ta gida, ke ƙara, Talatar ce na kanga mata maganaɗisu, ya manne caraf. Jan ƙarfe na gaske maganaɗisu ba ya kama shi. Baƙin ƙarfe ne aka sa wa riga.

Ƙanena da ya karanci kimiyyar sinadarai ya warware min. Ana tsoma waya cikin shuɗin ruwan kofa salfet, inda jan ƙarfe ke narke da caji +2, a sakar mata lantarki, kowace ƙwaya ta karɓi elektron 2 ta koma ƙarfe ta kwanta a jikin wayar. Ko ƙusa ka jefa a ruwan, babu lantarki ma, sai ta yi ja. Muka sa guntu a wuta, bayanta ya yi baƙi, ya ce kofar ce ta haɗu da oksijin ta koma +2, ja-jan da ke ƙarƙashi kuma +1 ne. Goga biyu, sai ga ƙarfe ruwan toka. A kan wannan na zuba 640,000.

Layin mutumin da ya sayar min a kashe tun Laraba. Hoton alat da hirarmu ta WhatsApp zan ɗora yau da dare, har da muryarsa yana rantsuwa.

Ku tafi da maganaɗisu, ku kankare da hannunku, daga tsakiyar naɗin.

Gobe da safe zan je gidan Alhaji, har yanzu ban san da bakin da zan fara ba.