Shawarar lauya ga masu kamfanin casar shinkafa

Masu ƙananan kamfanonin casar shinkafa a ƙauyukan Auyo za su amfana da wani ofishin lauya da ke Haɗejiya. Da muka je ofishin, lauyan ya buɗe dokar shekarar 1977 kan cekin da banki ya ƙi biya, yana bin layukan da yatsa, ya bayyana mana cewa idan kamfani ya ba da cek alhali babu kuɗi a asusu, tara ake cin kamfanin, amma darakta ko sakataren da aka yi da yardarsa yana fuskantar ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara. Wannan bayani kaɗai ya cancanci kuɗinmu. Matsalar kawai ita ce takardar shawararsa, wadda ya rubuta da Turanci, alhali yawancin masu jarinmu Hausa da ajami suke karantawa.