Gargaɗi ga masu jiragen ruwa: a kula da mai gyaran kushin da ke bin kwata

Assalamu alaikum 'yan uwa masu jirage da matuƙa, daga Yauri zuwa Zamare, Rofiya da Warra, da duk mai neman abinci a kan ruwan Kainji. Akwai wani mutum da ke yawo bakin ruwa yana karɓar aikin sabunta kujerun jirgin faiba mai inji. Ya yi mini aiki, ya yi wa wasu mutum biyu da na sani, kuma abu ɗaya duk muka tarar. Ba zan kama suna ba, don sunan da ya ba ni daban yake da wanda ya ba maƙwabcina. Yadda yake aikinsa zan faɗa, shi ne ba ya canzawa.

Da hunturu yake zuwa, gab da Rigata, bikin jiragen ruwa na Yauri, lokacin da kowa ke son jirginsa ya yi kyau. Kujeruna a lokacin sun gama yawo: katakon ƙasa ya ruɓe, soso na wari, leda ta tsage. Ya duba, ya ce, "Alhaji, wannan aikin ba na kafintan gari ba ne, a Legas na koyi na jirgi." Sai ya buɗe jaka ya fito da guntun filawud mai hatimin BS 1088, ya fito da guntun soso, ya sa aka kawo bokiti ya danna shi cikin ruwa. Ya saki, soson ya taso, ya matse shi ko ɗigo bai fito ba. Abin da ya nuna mini gaskiya ne. BS 1088 ma'aunin filawud ɗin jirgi ne na Ingila, wanda gam ɗinsa ba ya saki a ruwa. Soson kuma irin wanda ƙofofinsa ke rufe ne, ba ya shan ruwa. Matsalar ita ce waɗannan guntaye biyu su kaɗai ne kayan kirki da ya mallaka, kuma cikin jakarsa suka koma.

Na ba shi kafin alƙalami fiye da rabin kuɗin. Ya kwance kujerun ya tafi da su shagon da ya ce yana da shi a wani gari. Bayan kwana 10 ya dawo da su suna sheƙi, an lulluɓe ƙasansu da baƙin ƙyalle an kafe ko'ina, ba ta inda ido zai shiga. Na cika masa kuɗinsa.

Damina ce ta tona asiri. Ruwa na uku ko na huɗu, yarona da ke tuƙi ya ce, "Maigida, kujerar baya in an zauna ruwa take fitarwa." Na ɗaga ta, na ji ta yi nauyi kamar an cika ta da yashi. Muka farke ƙyallen. Allon da ke ciki irin na garin katako ne da ake yin wadirob da shi, an shafe fuskarsa da baƙin fenti, gefensa ya kumbura yana marmashewa a hannu. Soson kuwa yanke-yanken tsohuwar katifa ne aka haɗa da gam, har da nawa tsohon da ya ce ya zubar, an shanya shi an mayar. Fil ɗin da aka kafe ledar da shi duk ya yi tsatsa, yana karyewa da farce. Babu rami ko ɗaya da ruwa zai bi ya fita. Na kira lambarsa, a kashe, har yau.

Asarar kuɗi da sauƙi, Allah zai mayar. Abin da ya hana ni barci wata magana ce da ya yi a gaban fasinjoji ranar da yake ɗaura kujerun. Ya ce kushinsa ya wadatar, ko jirgi ya kife mutum ya rungume shi zai kai shi gaɓa, ba sai an wahala da rigar ruwa ba. Na ji mutane sun gyaɗa kai. Wallahi soson katifa in ya sha ruwa ba ya ɗaukar kowa, kuma kujerar da aka ɗaure a jikin jirgi ba ta bin mutum cikin ruwa. Mu da muka ga haɗarin jirgin ruwan da ya faru a Warra a watan Mayun 2021, da yawan gidajen da aka yi zaman makoki, bai kamata mu bar wani ya riƙa sayar da wannan ƙarya a kwatarmu ba. Ko kushin na gaske ne, ba ya maye gurbin rigar ruwa, kuma NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ba ta daina nanata a sa ta ba.

Daga baya wani dattijon mai ɗinkin kushin ya sake mini aikin, a gabana, kuma a wurinsa na koyi abin da ya kamata in tambaya tun farko. Kafin a yanka filawud, a ciri ɗan guntu daga ainihin allon da za a yi aikin da shi, ba daga jakar mai aiki ba, a tafasa shi a tukunya. Na jirgi zai fito a haɗe, na banza zai rabu falle-falle. Ko na kirkin ne sai an shafe shi da rezin ɗin da ake facin faiba da shi, musamman gefe-gefe inda aka yanka da cikin ramukan kusoshi, don ta nan ruwa ke fara shiga katako. A huda ramuka a allon, ruwa ya samu mafita, iska ta samu mashiga, a rufe ƙasan da raga maimakon ƙyalle mai toshewa. Fil da kusoshi su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Zare na foliyesta ne ke jure rana da ruwa, na auduga ruɓewa yake, ɗinki ya buɗe, ruwa ya bi ta nan. Dattijon ya kuma shimfiɗa siririyar leda a kan soson kafin ya ja ta waje.

Ya kuma ja mini kunne a kan laifin da yake namu. Mu kan tashi aiki mu ja tamfol mu ɗaure tam a kan kujeru masu danshi, ga ruwa kwance a cikin jirgi, rana ta buga, ciki ya zama kamar tukunyar dambu. Fumfuna daga nan take farawa. Yanzu kullum sai an kwashe ruwan cikin jirgi, an ɗaga kushin an jingine su sun sha iska, tamfol kuma a bar masa kafa gaba da baya. Wanki da sabulu da ruwa kawai, bilic yana cinye zare.

Don haka duk wanda ya ce sai ya tafi da kujerunka inda ba za ka gani ba, ko ya ƙi ka ga cikinsu kafin ya rufe, ko ya matsa a ba shi kuɗin kaya maimakon ku je kasuwa tare, ka riƙe kuɗinka. Mun kai maganar wurin shugabannin kwata, sun ce a sanar da sauran tashoshi. Wanda mutumin nan ya yi wa aiki cikin hunturun da ya wuce, don Allah ya farke ƙasan kujera ɗaya ya duba kafin ya ɗauki fasinja gobe, in ya tarar da irin namu ya ajiye allon da soson, za a buƙace su a matsayin shaida.